Mai Gadin Iska

Suka ce, Barau, wai me kake gadi?
Na ce iska.
Aka yi ta dariya a teburin Lawandi mai shayi
har wani ya ƙware da burodi.
Ban ji haushi ba. Ni ma da farko na dara.

Gonar babanmu ce nan, gabas da Rimi,
inda dogayen ƙarafan nan tara suke tsaye,
farare fat, kowane da fiffike uku,
kamar balbela ta yunƙura za ta tashi ta fasa.
Gero dai bai yi ƙaura ba.
Muna shuka har gindinsu,
inuwa ta gilma kan kunya, ta dawo, ta gilma.
Jakina sai da ya yi wata guda kafin ya bar zabura.

Tun ina yaro na san iskar tudun nan.
Ita ke kwashe wa Inna Hajjo ƙaiƙayi in tana shiƙa,
ita ke wahalar da mu in mun ɗauko kara,
ita ta yaye mana jinkar rumbu wata Laraba.
Ba wanda ya gaya mana tana da wata sana'a.

Da dare na fi jin su.
Numfashi suke, a hankali,
irin na saniyar da ta ƙoshi ta kwanta.
Ina zagaye da tocila ina ƙirga:
shida na juyi, biyu na hutu,
ɗaya tun bara ta tsaya cak
tana jiran wani ƙarfe daga Ikko.
Na sa mata suna Mai Azumi.

Ɗayyaba, injiniyar da ke hawansu,
ɗiyar wani mai faci ce a Ƙofar Guga.
Takan ɗaure igiya a ƙugu, ta yi bisimilla,
ta ɓace cikin ƙarfe rabin yini.
In ta sauko, hannu duk baƙin mai,
sai ta nuna mani waya da haɓa:
wannan ta yi Charanci, waccan ta shiga birni.
Ba ta isar kowa, Baba, in ji ta,
ludayi ɗaya ce a tukunyar gidan suna.
Amma akwai firjin allura a ƙaramin asibiti,
akwai mai walda da ya kwana uku bai sayi fetur ba.

Cikin bazara iska kan ɗauke ƙafa.
Ganyen darbejiya ko motsi,
tara ɗin duk su yi tsit kamar masu zaman makoki.
Sai faifan rana na kan rufin ofis ya riƙe aiki
har hadari ya haɗo daga gabas.
Ranar nan kam ko hulata ba ta zama a kai.

Gidana?
Wayar ta bi ta saman katangarmu ta wuce.
An ce ana tafe da taransifoma. An ce.
Har yau fitilar batir ce a tsakar gida.

Jiya jikana Tanimu ya fafe gwangwanin madara,
ya yanka fiffike uku, ya soke a karan dawa,
ya kafa bakin rijiya.
Ya ce, Kaka, wannan ma ka yi gadinta.
Na duba, tana juyi.
Na ce to, sun zama goma.