Kunnen Ƙarƙashin Ruwa

A gaɓar Senja, sanyi na cizon yatsu,
mun ɗora jirgin Baba Torleif bisa gungume biyu.
Ni riƙe da abin huji, shi riƙe da baki.

"Shekara arba'in ruwa bai huda shi ba,
yau ga 'yar cikina da kusa huɗu."

Na auna nesa da farfela,
inda kumfa ba za ta toshe wa na'urar kunne ba.
Na sa fensir, na goge, na sake sawa.
Ƙarfe ya shiga katako da kuka.
Baba ya juya yana kallon duwatsu.

Gam a kowane rami.
Waya ta bi gefe, ta lallaɓa har batir.
Kusa ɗaya ta faɗa tsakuwa,
muka durƙusa nema, kai na gugar kai.

Da asuba muka tura.
Allo ya farka: ga ƙasan teku, gaba talatin,
ga ɗige-ɗige, garke guda na wucewa.

Ko duba bai yi ba, idonsa na kan tsuntsaye.
"Nan ne," ya ce,
numfashi uku kafin na'urar ta yi tsuwa.