Rajistar Makarantar Inna Adiza

An ce in rubuta tarihin makaranta,
shafi ɗaya tak, don bikin shekara sittin da biyar.
Na buɗe akwatin ƙarfe na ɗauko tsohuwar rajista,
ita kaɗai ce a gidan nan ba ta iya ƙarin gishiri ba.

Shafin farko: yara goma sha ɗaya,
a bayan siton goro, nan Aboabo,
ranar da Inna Adiza ta ture keken ɗinkinta gefe,
ta ciro ƙyauren ɗaki, ta shafe shi da gawayi,
ya zama allo.
Kuɗin wata sule biyu.
Kujera kowa ya zo da tasa a ka,
ya koma da ita da la'asar,
don nan ba a kwana.
Ta ce yaro ya yini da harafi,
ya kwana da ƙamshin miyar uwarsa.

Ƙararrawarmu ƙarfen tayar mota ce.
Wani direban Tamale ya bar ta jingina,
ya ce zai dawo ranar Laraba.
Larabar ce ba ta zo ba har yau.

Sai shekarar da aka ce baƙi su tattara.
Suna ashirin da bakwai suka ɓace a mako guda,
an bar silifa ɗaya a ƙofar aji.
Inna ba ta ja musu jan layi ba.
A gefen kowane suna ta rubuta da hannunta mai karkata:
yana zuwa.
Shekara goma sha huɗu aka yi,
sai ga 'ya'yan wasunsu daga Agege
da jakunkuna masu zane, da Hausa mai wani ɗanɗano,
a shekarar yunwa, dawa a sama, rogo a ƙone.
Tukunyar koko ɗaya ta ɗora a tsakar gida,
ludayi ɗaya, baki tamanin.
A gurbin kuɗi na wannan zango babu ko alama,
fari fat, kamar tafin hannu.

Ticha Boakye ya shigo a shafi na ɗari da shida.
Mutumin Asante, ɗan coci, sarkin lissafi,
ya koyi Hausa a bakin yara,
don haka zagi ya fara iyawa.
Shekara talatin da ɗaya, kowace Juma'a,
shi ke gadin takalma in an shiga salla,
yana jera su biyu-biyu, yana ƙirga.
Ranar da muka kai shi Ejisu,
farar hula ta fi baƙin zane yawa.

Yau fa? Bene hawa uku,
yara ɗari shida da 'yan kai, riga kore, wando toka.
Kwamfuta goma sha huɗu, tara ke numfashi.
Motar makaranta sai an tura ta kan tuna da aiki.
Rafi na kawo ziyara kowace damina
ya duba aji ɗaya, ya bar mana laka da robobi.
Mun yaye nas, mun yaye alƙali,
da mai gyaran waya a Kejetia,
da wani a Hamburg mai aiko kuɗin alli
ba ya so a faɗi sunansa.

Ga kuma Issaka Mumuni, shafi na tara,
ana binsa sule huɗu tun kafin a haife ni.
Yanzu da sanda yake rako jikokinsa.
Kowace shekara sai ya leƙo ofis, hannu a aljihu:
nawa ya zama a sidi?
Ni kuwa sai in juya masa rajista
ya karanta da kansa, a hankali, da yatsa,
abin da kakata ta rubuta a gefe:
a bar shi, ya iya karatu.