Awon Tsini

A Mai Wurno, gab da gangaren kogi,
inda Shuɗin Nilu ke lasar gindin gonaki,
akwai rumfar da hayaƙi ya rine,
nan Baba Cindo ke ƙera tsinin kibiya.

Ba ruwansa da sikelin kantin Babikir.
Marfin gwangwani biyu, zare, guntun kara,
sai busasshiyar dawa a tafin hannu.
Ya aza tsini nan, ya zuba ƙwaya can,
yana ƙirga kamar mai jan carbi,
har karan ya daidaita, ya faɗi gaskiya.

Na je masa ina ɗan sha bakwai, kai na hayaƙi.
Na ce, Baba, marar nauyi nake so,
ƙwaya ɗari biyu, ko ƙasa,
mai tafiya sak kamar tsattsewa.
Ya ƙera. Na rataye buhun ƙaiƙayin riɗi,
na ɗiga masa gawayi a cibiya,
taki arba'in na ja da baya,
sau bakwai ina huda baƙin nan
har yara suka watse da ihu a gindin tsamiya.

Ya ce, madalla.
Amma buhu ba shi da haƙarƙari.
Na ji, na bar maganar a kan hanya.

Da kaka, gabas da Sinja, bayan yankan dawa,
gada ta fito kiwo, kunne a tsaye.
Na ja, na saki. Ban kuskure ba,
wallahi ban kuskure ba.
Tsinin ya ci karo da ƙashi, ya shiga yatsa biyu,
ta zabura, kyauro na lilo a gefenta.
Na bi ɗigon jini har ya koma ɗigon duhu.
Rana ta uku ungulaye suka nuna mini ita,
mushe, ba na wuƙa ba, ba na tukunya ba,
ƙudaje a ido, kibiyata a jiki,
ta mutu ita ɗaya cikin sarƙaƙiya.

Na koma rumfa. Bai tambaye ni ba.
Ya zuba jabana, mai citta, ya miƙo.
Sai a kofi na uku ya jawo marfin,
ya ƙara ƙwaya, ya ƙara, ya ƙara,
ɗari uku da hamsin.
Ya ce, wannan ba ta son nisa,
tana sunkuyar da kai tun a taki ashirin,
to kai za ka biya nisan da gwiwarka.
Rarrafa har ka ji tukar bakinta.
Nauyin da ya hana ta gudu
shi ke kai ta har zuciya.

Kuma kada ka ɗora wa siririn kyauro babban kai,
zai yi ta lanƙwasa kamar maciji a ruwa.
Nemo mai kauri. Aza shi a ɗan yatsa,
in ya ɗan rusuna gaba, ya yi.
Tambayi bakanka abin da zai iya,
ka tambayi kafaɗarka, ka tambayi tsirkiya.

Yau idonsa ya tafi, zuga-zugin ya yi shiru.
Kwarina gida biyu ne:
masu sauƙi na buhu da yammacin Juma'a,
masu nauyi na daji, su ba na wasa ba,
ba na taɓa su sai da bisimilla da natsuwa.

Jiya na zauna ina yi wa Tijjani awo,
ɗana, shi ma marar nauyi yake so.
Na kai ɗari da tamanin, na juya neman zare,
kazar maƙwabta ta zo ta tsince awon tas.
Baba na kan gadonsa na igiya, ya ji ƙwas-ƙwas,
ya ce, nawa ta ci?
Na ce, duka.
Ya ce, to ku auna kazar.
Har tari ya sarƙe shi don dariya.