Agogon Uwar Allo

Kwana uku ana ruwa a Taipei.
Kan teburin cin abinci Pei-shan ta shimfiɗa uwar allo,
koriya shar, da siraran tituna
kamar birni daga tagar jirgi.

"Taɓa ƙarfe tukuna," in ji tsoho Kuo,
"wutar jikinki ma tana kisa."
Shekara talatin yana liƙa irinta a masana'anta,
yau ko kofin shayi sai hannu ya yi rawa.

Ta ɗaga sakata, ta kwantar da firosesa,
kusurwar zinariya ga 'yar'uwarta,
ba tilas, ba danniya.
Man sanyi, ƙwayar shinkafa ɗaya.
Sukurori tara, guda ya tsere ƙarƙashin firji.

Ta kunna.
Fanka na juyi, fuska baƙa ƙirin.

Ko dubawa bai yi ba.
"Ram bai zauna ba. Ban ji ƙas ɗinsa ba."
Ta danna da manyan yatsu. Ƙas!

Tit! Bayos ya buɗe ido,
agogonsa na nuna wata shekara can baya,
sa'ad da mutum uku ke zama teburin nan.

Ta kai hannu za ta gyara.
"Bari," ya ce, "shayina bai huce ba."