Ɓari Biyu

Ranar Talata, ƙarfe biyu, a Tek,
fankar ajin tana juyi kamar mai gyangyaɗi,
Dakta Boatemaa ta cire tabarau ta ce:
Turawan nan, shekara ɗari huɗu ke nan da binne su,
ba sa cewa "ina son ki" su yi shiru.
Sai sun ɗauko lissafi, sun jawo shari'a,
sun ɗora hujja kan hujja kamar lauya gaban alƙali,
har yarinya ta gaji da musu ta ce to.

Aka yi dariya. Ban da ni.
Ina can ina kokawa da tsohon Turanci
wanda ko ƙamus sai ya yi gyaran murya kafin ya amsa.
Baiti ɗaya ya cinye mini dare biyu
da kyandir uku, don an ɗauke wuta a Aboabo.

Ta ce, ga aikin gida: ku haɗa so
da abin da bai taɓa gaisawa da so ba,
ku ɗaure su da igiyar hankali, kada ta tsinke.

A torotoro na fara gwaji.
So canji ne a hannun yaron mota,
kana bin sa, kana kallon ƙeyarsa har tasha.
Igiyar ta tsinke tun ba mu kai Anloga ba.

Na iske Baba Tanimu a zaure,
kakana, da bai san ko baƙi ɗaya na boko ba,
ya kwance huhu, yana bin goro ɗaya bayan ɗaya,
yana ware mai sankara, yana yayyafa ruwa.
Ya ce, ruwa ya yi yawa ya ruɓe,
ya yi kaɗan ya ƙanjame,
abin da ya fi tsana kuwa a manta da shi.
Sai ya sa farce, ƙas, ya miƙo mini ɓari.
Ka ga tsagar nan? Da ita ya zo daga bishiya.
Ni dai na bi ta ne kawai.

Daren nan ruwan Kumasi ya yi ta dukan kwano,
na rubuta wa Barikisu, wadda aikin jinya ya kai Wa:
Goro ɗaya ne mu, kada ki zargi hanya,
rabuwa tana cikinmu tun muna kore.
Iskar da ta taɓa ni ita ta taɓa ki,
in na yi ja a nan, kin yi ja a can,
ba waya, ba saƙo, a sa'a guda.
Ɗacin nan ki daure masa,
ruwan da aka sha bayansa ya fi kowane ruwa zaƙi.

Na mai da shi Turanci, ya rame a hanya,
ƙas ɗin nan ma ban sami inda zan ajiye shi ba.
Dakta ta ba ni sittin da takwas,
da jan biro a gefe: igiyar ta riƙe,
amma wa ke tauna?

Na Hausar na aika Wa.
Kwana biyu shiru, sannan murya ta shigo,
ana jin kukan jariri da ƙarar faranti a bayanta:
Malam mai hujja, sannu da ƙoƙari.
Je ka tambayi Baba,
goron da aka ɓare, kwana nawa yake yi?

Na tambaye shi. Bai ɗago kai ba.
Kwana? In ya kai la'asar ka gode Allah.

Jarrabawa saura kwana tara.
Littafin yana buɗe a shafi na arba'in da ɗaya,
ni kuwa ina ƙirga sidi a kan tabarma,
ina tuna ƙarfe nawa motar Wa take tashi.