Kwana Ashirin da Uku

Kuwabara Isamu sunana,
mai ɗinkin koma a bakin tekun Hakodate.
Da asubahin Talata suka ƙwanƙwasa.
Takalmi ɗaya na samu sawa,
ɗayan na bar shi a ƙofa yana jiran ƙafata.

Wai rumbun koma ya ƙone daren Lahadi,
wai an ga inuwa mai kama da tawa.
Inuwa kuwa, wa ya taɓa duba mata katin shaida?

Ɗakin ba taga.
Tebur, kujera biyu, igiya a ƙuguna
an zarge ta jikin kujera, sai ka ce akuyar sayarwa.
Inagaki, ɗan sanda mai furfura a gira,
ya karanto mini haƙƙina a gurguje
kamar mai faɗin farashin kifin jiya:
"Kana da ikon yin shiru."
Sannan ya share awa tara
yana tambayar dalilin shiruna.

Rana ta uku ya kawo shayi mai tururi.
Ta huɗu ya daki tebur har kofin ya yi tsalle.
Ta biyar ya ce abokin aikina Morio ya amayar da komai.
Ta shida ya manta ya faɗi haka.
Ta bakwai ya ajiye hoton mahaifiyata a gabana,
tsohuwa mai tamanin da ɗaya, mai ciwon gwiwa.
"Maƙwabta sun daina gaishe ta.
Sa hannu kawai, ka koma ka dafa mata shinkafa."

Lauyata Nonomura Chizuru
ba a barin ta taka ɗakin nan.
Ta bayan gilashi mai ƙananan huji muke gani,
dusar ƙanƙara na narkewa a kafaɗarta.
Ta ce, "Su suna da kwana ashirin da uku,
kai kana da bakinka.
Abin da bai fito daga cikinsa ba, kada ka sa masa hannu."
Ta aiko mini da littafi:
in rubuta wa ya shigo, ƙarfe nawa, me ya ce,
ƙarfe nawa aka bar ni na runtsa.

Ba duka ne ke karya mutum ba, ashe.
Maimaici ne.
Tambaya ɗaya, kamar ɗigon ruwa a kan dutse,
har a dare na goma sha bakwai
na yi mafarkin wutar, na ji ƙaurinta a rigata,
na farka ina tambayar kaina:
Isamu, ko dai kai ne?

Ran goma sha tara ya turo takarda,
an buga ta tsaf, da muryar da ba tawa ba.
"Na yi nadama ƙwarai," in ji ta.
"Na ƙyasta ashana da hannun dama."

Hannun dama.
Shekara goma sha biyu ke nan
da injin jan koma ya cinye mini babban yatsa da manuni.
Kwana goma sha tara muna fuskantar juna,
idona yake kallo, bai taɓa kallon hannuna ba.

Na so in ɗaga shi, in kai masa har hanci.
Sai na tuna magana zarar bunu ce,
kuma takarda ba ta jin kunya:
gobe sai a goge dama, a rubuta hagu.
Na tura hannun ƙarƙashin tebur.
Na ce ba zan sa ba.
Da yamma na manna shi jikin gilashi,
Nonomura ta duba, ta rubuta, ba ta ce uffan ba.

Ran ashirin da uku suka miƙo mini ɗamarata
da takalmin nan guda a leda.
Ba wanda ya ce yi haƙuri.

A gida na tarar da ɗayan ya cika da ƙanƙara.
Mahaifiyata ta ce, "Ka ci abinci?"
Na tsaya a ƙofa, na daɗe,
ina auna abin da amsar za ta jawo mini.