Lissafin Ma'aji

Shekara goma sha bakwai nake riƙe da gwangwanin biskit
na ƙungiyarmu ta 'yan sa-kai, a Cheticamp, bakin teku,
inda iska ke fizge hular mutum kafin ya gama gaisuwa.
Ni ce ma'aji. Sunana Hughena.
Ba na barci sai kowane sulalla ya san makwancinsa.

Asabar ɗin farkon wata ranar fanke ce.
Tun ƙarfe biyar Alcide ke kunna murhu a zauren coci.
Kullum sai ya ƙona na farko, ya ce na kare ne,
alhali ba shi da kare.
Masunta su shigo da ƙanƙara a gashin baki,
dala takwas faranti, shayi kyauta.
Delphine na zagayawa da tikitin ƙuri'a
na bargon da ta yi wata huɗu tana saƙawa, ido na ruwa.
Wanda ya ci ya mayar, a sake sayarwa.
Bargo ɗaya, sau uku ya cika mini gwangwani.

Da kuɗin muka yi wa Lauchie gangara ta katako
daga ƙofarsa zuwa titi, tun da ƙafa ta juya masa baya.
Taro uku muka yi a kan launin fenti.
Aikin kansa, yini guda.
Ya gangaro a kekensa, ya ce shuɗin ya yi yawa,
sannan ya juya fuska wajen teku, ya daɗe bai waiwayo ba.

Mun tara tsofaffin tabarau, ɗari biyu da sha ɗaya,
za su haye ruwa su zauna a hancin mutanen da ba mu sani ba.
Wani lokaci nakan ɗauki ɗaya in gwada,
ɗakin ya narke, in cire.

Da kaka sai yawon shaƙatawa. Motar haya zuwa lambun tuffa,
mu ashirin da shida, autarmu ta haura hamsin.
Taya ta fashe a kan tudu.
Muka baje a bakin hanya, ganyaye jajir kamar garwashi,
muka cinye har guzirin dawowa,
Alcide na waƙa da muryar da ta fi dacewa da kiran jirgin ruwa.
Ba mu kai lambun ba.
Har yau ana cewa ba a yi tafiya mai daɗinta ba.
Ni dai na rubuta: taya, dala ɗari da arba'in.

Mijina Ovila shi ke wanke faranti.
Ya rasu cikin Janairu, ƙasa ta daskare,
sai da aka jira ta saki kafin a haƙa.
Na rage wutar ɗumama gida, na ƙara riga kan riga,
ban gaya wa kowa ba.
Hannun da ya saba miƙawa
wuya yake sha wajen karɓa.

Wata safiya na ji ƙugin tanka a bayan gida.
Yaro ya ja tiyo, ya cika mini tankin mai har baki.
Na ce ban aika ba. Ya ce an biya.
Wa? Ya ɗaga kafaɗa, ya ja motarsa.

Daren nan na zazzage gwangwani a tebur,
na ƙirga sau uku, na ƙara na huɗu.
Ko kwabo bai yi ciwon kai ba.

Ran Asabar na shiga zaure ina bin idanu.
Delphine ta duƙufa kan tikiti.
Lauchie ya gano wani abu a rufi.
Alcide ya ƙona fanke biyu a jere.
Ashe akwai wani gwangwani a garin nan
wanda ma'aji ba ta san da zamansa ba.

Na ɗaura ƙyallen aikin Ovila, ya zagaye ni sau biyu,
na tsaya a gurbinsa, hannu cikin kumfa.
Faranti saba'in da uku.
Wannan kam ban rubuta ba.